Maɓalli Huɗu a Hannun Hagu

Ranar Talata da la'asar Baba ya faɗi. Ya miƙa hannunsa na hagu ne zai kai makunnin fitila da ke jikin bango, gadon ya ƙare masa kafin hannun ya isa. Auta ce ta same shi a ƙasa, tsakanin gado da kujera, yana kallon silin, bai yi ko tari ba. Wata biyu ke nan da shanyewar ɓarin jikinsa na dama, magana ma sai kalma ɗaya ko biyu, su ma da ƙyar.

Kafin a gama shafa masa man zafi Yaya ya iso, mukullin mota a hannu.

"Ranar Lahadi zan zo in ɗauke shi," in ji shi. "Gidana babu bene, kuma akwai mai kula da shi. Nan ko fitila ba zai iya kunnawa ba, ko kira ba zai iya yi ba. Sai mun zo mun tarar da abin da ba ma so?"

Baba ya ji. Ya kama ƙarfen gado da hannun nan mai lafiya, ya riƙe har jijiyoyin suka fito. Shi ya zana gidan, shi ya tsaya a kan magina, shekara talatin da biyar yana kwana a cikinsa.

Abin haushin shi ne gidan cike yake da na'ura. Shekara biyu da suka wuce Yaya ya kawo wani dilan kayan lantarki ya haɗa komai: fitilu, fanka, injin ruwa, ƙararrawa, har ƙofar get. Duk suna jin maganar wani ƙaramin baƙin akwati da aka kafe a ƙarƙashin bene. An ba Baba rimot mai maɓalli huɗu ya ajiye a gefen gado. Amma rimot ɗin, ɗakin sama kaɗai ya sani. Tun da aka sauko da Baba ɗakin baƙi, in ya danna, fitila can sama take kamawa, fanka ta yi ta juyawa a kan gadon da babu kowa.

"In rimot ɗin ya yi aiki a nan fa?" Auta ta tambaya.

"Wa zai sa shi? Ke?" Yaya ya yi dariya. "Auta, digirin naki na lissafi ne, ba na wuta ba. Kira dila."

Ta kira washegari da safe. Aka yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan, har ta samu injiniyan da ya yi aikin. Ya ce layi ya yi tsawo, sai nan da mako uku.

"To ba ni lambar sirrin akwatin, ni zan gyara."

"Ba ma bayarwa. Ta masu haɗawa ce."

"Gidanmu ne."

"Gidanku ne, aikinmu ne. 'Yar'uwa, wannan ba canza ƙwan fitila ba ne. In kika taɓa, babu ruwanmu da duk abin da ya biyo baya. Babu namiji ne a gidan?"

"Akwai," ta ce. "Shi ne ya faɗi jiya." Ta kashe wayar.

Shekara biyu ke nan da ta gama jami'a, takardarta na cikin jaka a saman kabad. A gidan ita ake aika, ita ake tsokana, kuma ta daɗe da daina bayani. Ta shiga sito ta zaƙulo kwalin akwatin, ta samu littafinsa ko ledar ba a cire ba. Ta zauna a matakala ta karanta shi daga bango zuwa bango, abin da bai faɗa ba ta nema a intanet. Kafin azahar ta gane inda aka dosa. Ba tare da lambar dila ba hanya ɗaya ce: a bayan akwatin akwai wani ɗan rami, a soka allura a riƙe daƙiƙa goma, akwatin ya manta duk abin da ya sani. Daga nan sai a sake gabatar masa da kayan gidan ɗaya bayan ɗaya, su talatin da ɗaya.

Ta faɗa wa Umma. Umma tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"In ya manta ɗin, ruwa fa?"

"Da hannu za mu kunna injin."

"Get fa?"

"Turawa za mu yi."

"Mu wa? Ni dai bayana ba na aro ba ne." Ta zare allura daga bakin ɗankwalinta ta miƙa mata. "Ki dawo min da ita."

Daƙiƙa goma ba komai ba ce, amma da Auta ta soka allurar sai da ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan hasken da ke goshin akwatin ya koma ja, ya mutu, ya dawo yana ƙyaftawa. Shi ke nan, alƙalami ya bushe.

Aikin ba shi da wuyar ganewa, jiki yake ci. Kowane makunni sai ta danna shi sau biyar a jere, da sauri, har ya fara ƙyafta ido. Sannan ta ruga ƙarƙashin bene ta danna akwatin kafin minti ɗaya ya cika. In ta makara, a sake. In an dace, abin ya fito a manhajar wayarta, amma ba da suna ba, da wata doguwar lamba. Sai ta koma ta gwada ta ga mene ne, ta raɗa masa suna, ta rubuta a salatif ta liƙa a jikinsa. Wasu dilan ya ɓoye su a bayan murfi, sai da sukudireba. Na injin ruwa yana bayan gida, a cikin wani akwatin ƙarfe da zanzaro suka yi gida a ciki. Ɗaya ya harbe ta a gwiwar hannu. Ta shafa masa gishiri ta ci gaba.

Ranar Alhamis ta hau ta sauka benen nan fiye da sau sittin. Sau huɗu ta tura get da kafaɗa, har da lokacin da matar maƙwabci ta tsaya tana kallonta.

"Auta, get ɗin masu kuɗi ya lalace ne?"

"Hutu yake yi," ta ce, ba ta tsaya ba.

Ɗakin Baba ne ya ƙi. Yana can ƙarshen korido, bayan kicin, bangonsa mai kauri, saƙon akwatin ba ya isa. Littafin ya ce kayan suna miƙa wa juna saƙo, kamar masu ɗibar ƙasa da suka jeru suna miƙa kwando. In akwai rata, sai a sa wani a tsakiya. Ta hau sama ta ciro wani ɗan filogi mai wayo da fitilar gefen gadon Baba ke jiki, ta soka shi a soket ɗin korido, ba tare da ta jona masa komai ba. Shi ne zai zama ɗan aike.

Ranar Juma'a da yamma ta sa rimot a hannun hagun Baba, ta ɗora babban yatsansa a kan maɓalli na farko.

"Baba, bismillah."

Ya danna. Fitilar ɗakin ta kama. Ya kashe, ya kunna, ya kashe. Na biyu fanka. Na uku ƙararrawa a kicin, har Umma ta zabura ta yar da ludayi. Gefen bakin Baba mai motsi ya ɗaga sama. Rabon Auta da ganin haka tun kafin asibiti.

Asabar da hantsi ta shiga kai masa shayi, ta tarar yana danna maɓalli yana ta danna, babu abin da ya motsa. Ya dube ta. Bai iya cewa komai ba, kuma gara ma da ya iya.

Ta duba manhaja: ɗan aiken ya ɓace, ɗakin Baba ya bi shi. Ta zare filogin, ta kai shi gaban akwatin, ta sake gabatar da shi, ta mayar, ta sake haɗa fitila da fanka da rimot. Awa ɗaya da rabi. Ya yi aiki. Bayan azahar ya sake mutuwa. Ta sake yi. Ta canza batirin rimot. Ta karanta shafi na arba'in da biyu har ta haddace shi. Ana cikin haka Yaya ya kira.

"Injiniya, yaya aiki? A haɗa masa kayansa tun yau, gobe ƙarfe goma ina nan."

"Allah ya kawo ka lafiya," ta ce.

Da la'asar, bayan gyara na uku, ta dawo bakin bene. Ta zauna a matakala ta biyu, littafin a cinya, hannun da zanzaro ya harba ya kumbura yana zugi. Lambar dila na fuskar wayarta. Ta san abin da zai ce, ta san da muryar da zai faɗa. Ba ta danna ba, ba ta kuma ajiye wayar ba.

Sai ga Umma ta fito daga kicin, kwandon wanki a rungume. Ta zo daidai soket ɗin korido, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ɗaga babban yatsan ƙafa ta latse ɗan makunnin da ke jikinsa, ƙit, ta wuce abinta.

Auta ta dubi wayarta. Ɗan aiken ya ɓace.

"Umma!"

"Na'am? Me ya faru, kike kira kamar an mutu?"

"Me kika yi yanzu?"

"Wanki zan shanya."

"Soket ɗin nan. Ke kike kashe shi?"

Umma ta waiwaya ta dubi soket ɗin kamar yau ta fara ganinsa. "To a bar shi a kunne? Babu abin da ke jikinsa, sai shan wuta."

Auta ta rufe fuska da littafin. Sau uku tana zare filogin nan ba ta lura soket ɗin a kashe yake ba. A gidan kowa ya taso hannunsa ya san ƙa'ida: in ka soka abu ka kunna, in ka gama ka kashe. Hannunta ne ke kunnawa ba da saninta ba, ƙafar Umma ke kashewa ba da sanin Umma ba.

Ta yi mata bayanin ɗan aike da masu miƙa kwando. Umma ta saurara har ƙarshe.

"Na ji. Amma ni dai kada in yi miki ƙarya, ƙafata ba ta je jami'a ba. Tun ina amarya na ga dutsen guga ya cinye ɗakin maƙwabciyata ƙurmus. Daga ranar ban sake wuce soket a kunne ba. Gidan nan ya taɓa gobara?"

"Zan liƙe shi da salatif."

"Zan ɓare. Ba da gangan ba, amma zan ɓare."

Gaskiya ta faɗa, Auta ta sani. Gardama da Umma a kan soket ɗiban ruwa ne da kwando. Ta miƙe ta bi gidan a hankali, soket bayan soket. Na talabijin a kashe. Na falo a kashe. Na butar shayi a kashe. Ta shiga kicin ta tsaya, tana jin gunjin firji.

"Umma, wannan fa? Kin taɓa kashe shi?"

"Na firji? Hauka nake? In ɓata nama?"

Su biyu suka janyo firjin daga bango, Umma tana mita a kan bayanta da kuma ƙurar da ta fito. Auta ta soka ɗan aiken a soket ɗin, ta jona firjin a jikinsa, suka mayar. Bango ɗaya ne tsakanin wurin da kan gadon Baba. Ta sake haɗa komai karo na huɗu. Yanzu in an danna, fitilar tana ɗan jinkiri kamar na numfashi ɗaya, amma tana zuwa. Ta sa Umma ta yi ta kai-komo a korido da kicin yadda ta ga dama. Har gari ya waye babu abin da ya ɓace.

Ƙarfe goma Yaya ya iso, da keken guragu sabo fil a bayan mota. Ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya dubi salatif ɗin da ke liƙe a kan kowane makunni.

"Gidan ya koma kantin magani. Ina kayansa?"

"Ba a haɗa ba. Baba, nuna masa."

Fitila ta kama. Fanka ta juya. Ƙararrawa ta yi ƙara, Umma ta amsa daga kicin, "Na ji, ranka ya daɗe, ba kurma kake aure ba!"

Yaya ya karɓi rimot ɗin ya gwada da kansa, ya juya shi ya duba bayansa. "Dila ya zo ne?"

"Bai zo ba."

"In ya lalace gobe fa? Sun ce babu ruwansu."

"Ni da ruwana. Lambar sirrin yanzu tawa ce. In kana so in rubuta maka."

Yaya ya mayar da rimot ɗin hannun Baba, ya durƙusa a gefen gadon.

"Baba, ni ba don komai ba ne. Tsoro nake ji. Ko dai mu tafi, ko na wata ɗaya ne, mu gani?"

Baba ya ajiye rimot ɗin a ƙirji, ya ɗora hannu a kan ɗansa, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya sake ɗaukar rimot ɗin, ya laluba da yatsa ya sauka kan maɓalli na huɗu. Da asuba ya yi ta nuna wa Auta taga da haɓa har ta gane abin da yake so a sa a kai. Ya danna. A waje aka ji get ya ja tsaki, ya fara zamewa a kan ƙarfensa har ya buɗe gaba ɗaya, daidai bayan motar Yaya.

"Sauka," in ji Baba. Ya huta, ya tattaro sauran. "Lafiya."

Yaya ya dubi taga, ya dubi Baba, dariya ta ƙwace masa, ya share ido da bayan hannu.

"To. An kore ni da na'urar da na saya." Ya miƙe. "Keken dai zan bar shi, a riƙa fita da shi baranda. Auta, zo ki kama min."

Suka sauke keken tare. Da motar ta fita, get ɗin ya rufe kafin Auta ta juya. Ta koma ciki ta ɗauki sukudireba da salatif. Saura tara a sama ba ta haɗa ba, kuma fitilar banɗaki har yanzu tana kamawa duk lokacin da injin ruwa ya tashi.