Adireshin Mai Lema

Shekara huɗu ke nan Tela tana buɗe shagonta da gaisuwa iri ɗaya. Kafin ta zura makulli a kwaɗo, tsohon da yake kwana a barandar shagon ya riga ya naɗe kwalinsa, ya share wurin da guntun tsintsiya, ya koma bakin titi ya zauna a ƙarƙashin wata baƙar lema mai karyayyun ƙarafa biyu. Saboda lemar nan duk layin ke ce masa Mai Lema. Ba ya bin kowa, ba ya ɗaga murya. Hularsa kawai yake ajiyewa a gabansa, bakinta sama.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Yau kin makara, keken ɗinkinki har ya fara cigiya."

Ran nan ba a yi gaisuwar ba. Tun daga kwanar layin ta hango shi kwance, lemar a rufe a gefensa. Da ta durƙusa ta ɗaga tsumman da ya ɗaure ƙafarsa ta hagu, sai da ta kau da kai. Ciwon gilashin da ya taka mako biyu da suka wuce, wanda kullum yake ce mata ai ya warke, ya kumbura ƙafar har gwiwa. Jikinsa zafi rau, leɓɓansa sun bushe.

Titi kuwa ya cika, ana ta wucewa. Wata mata ta ja hannun 'yarta ta sauka kan kwalta don kada su bi ta kusa. Wani mutum mai jakar ofis ya tsaya, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya girgiza kai, ya yi gaba. Mai Kemis, maƙwabcinta na dama, yana tsaye a ƙofarsa da kofin shayi, bayansa kuma magunguna ne jere har rufi.

"Maƙwabciya, kada ki taɓa shi," in ji shi. "Na kira masu kwashe su, sun ce sai gobe."

"Kwashewa? Shara ce?"

"Ke dai ba ki san mutanen nan ba. Sun fi ni da ke kuɗi. Wani da ya mutu, gida biyu aka tarar ya gina."

"Wa ya tarar?"

"An dai faɗa."

Tela ta dube shi har sai da ya sauke kofin. Labarin gida biyun nan ta ji shi a mota, ta ji shi a gidan biki, ta ji shi a bakin mata masu jiran ɗinki. Kullum wani ne, kullum a wata unguwa, ba a taɓa samun wanda ya ga ƙofar gidan ba. Amma labarin ba ya tsufa, don yana da amfani: da shi mutum yake tsallake ɗan'uwansa ya je ya ci abinci da daɗin baki.

Tasi uku suka tsaya, direbobin suka leƙo, suka ja. Na huɗun, wani dattijo mai furfura a gemu, ya waiwaya ya dubi kujerar baya.

"Malama, ba ƙi na yi ba. Kujerar ce. Yanzu na fito aiki, wa zai zauna bayansa?"

Ta shiga shago da gudu. Abin da hannunta ya fara kaiwa shi ne yadin labulen wata mata, fari tas da zanen furanni, wanda ta yi alkawarin gamawa jibi. Ta shimfiɗa shi ninki biyu a kujerar baya. Direban ya kama kafaɗu, ita ta kama ƙafafu, mutanen layi suna kallo kamar ana wasa a talabijin. Tsohon bai fi buhun auduga nauyi ba, wannan ne ya sa hawayenta suka zubo.

A asibiti wata nas ta buɗe ƙafar, ta rufe da sauri.

"Likita zai shiga tiyata ƙarfe goma, ba zai fito ba sai yamma. Je ki yanko kati yanzu. In bai gan shi kafin ya shiga ba, ni ban ce miki ƙafar nan za ta kai gobe ba."

Agogon bango ya nuna goma saura kwata. Tela ta tura keken marasa lafiya zuwa tagar kati. Masu jira a benci suka matsa, wata ta ɗauke jakarta ta rungume.

Akawun da ke bayan gilashi bai ɗago ba. Ya tambayi suna da shekaru, tsohon ya faɗa a hankali, ya buga.

"Adireshi."

"Ba shi da gida," in ji Tela.

"To kwamfuta ba za ta wuce ba."

"Ka bar wurin haka nan."

"Ba ta barin fili, Malama. Sai titi da lamba." Ya juyo mata da fuskar na'urar, ta ga wani jan layi yana ƙiftawa. "Kin gani? Ba ni ba ne."

"To rubuta asibitin nan."

"An hana. Da muna yi, sai aka ga in an sallame su babu inda za a kai su, suna tare gado." Sai yanzu ya ɗago ya dube ta. "Ke 'yarsa ce?"

"Maƙwabta ne."

"To bari in gaya miki gaskiya, don na ga kina da kirki. Adireshin da aka rubuta, nan motar asibiti za ta sauke shi ranar sallama. Na ga masu tausayi da yawa a tagar nan. Su ba da gidansu da safe, bayan sati su dawo suna roƙo in goge. Ba ya goguwa."

Daga benci wani ya ce, "Malam akawu, a sallame mu mana. Su ba su da aikin yi, mu muna da shi."

Tela ta juya. Mutum ne mai tsabta, da agogo mai kyau, riƙe da takardar gwajin ido. Ta buɗe baki, sai ta ji an kama gefen mayafinta.

"Bar shi, 'yata," in ji Mai Lema. "Mayar da ni. Na saba. Kada ki jawo wa kanki magana a gida."

Gidan ya faɗo mata a rai: ɗaki biyu, mijinta, 'ya'ya uku, ga uwar mijinta da ke kwana a falo. Ko tabarma babu inda za a ƙara. Ta ji kunya, ta ji haushin kunyar, ta ji haushin jan layin da ke ƙiftawa kamar yana mata dariya. Mutum ya shekara saba'in a duniya, ya yi dako har bayansa ya ƙi, yau a ce ba za a duba ƙafarsa ba sai ya kawo lambar ƙofa. Goma saura minti bakwai.

Lambar ƙofa. Ta tsaya cak.

"Adireshi shi ne ina?" ta tambayi akawun.

"Inda mutum yake kwana mana."

"Rubuta." Ta faɗi sunan titin. "Lamba goma sha huɗu."

"Gidanki ne?"

"Shagona ne."

"Malama, shago ai ba..."

"Ni ƙarfe shida nake rufewa in tafi. Ban taɓa kwana a can ba ko sau ɗaya. Shi shekara huɗu yana kwana a wurin, ruwa da sanyi. Shi yake share ƙofar. Ranar da wayar lantarki ta kama da wuta, shi ya tashi mai gadi, ba don shi ba da layin nan duka ya ƙone har da kantin maganin da ya hana shi ƙwaya ɗaya. In akwai mai lamba goma sha huɗu, shi ne. Ni aiki kawai nake zuwa."

Akawun ya dubi tsohon, ya dubi agogo, ya buga. Jan layin ya ɓace. Na'urar ta turo kati, nas ɗin ta fizge shi ta juya keken da gudu, farin labulen yana jan ƙasa, suka shige ƙofar daidai lokacin da likitan yake saka hularsa.

Sai bayan azahar nas ta fito ta ce an yanke ruɓaɓɓen naman, ƙafar ta tsira, zai yi kwana goma.

Da Tela ta koma layi, ta tarar an wanke barandar da ruwan magani. Kwalin babu shi. A daidai inda tsohon yake kwanciya an jera manyan tukwanen fulawa uku, lemar kuwa tana cikin kwandon shara. Mai Kemis ya fito yana murmushi.

"Kin ga yadda wuri ya yi kyau? Mu muka haɗa hannu, 'yan layi. Ba sai kin gode ba."

Ta ajiye jakarta, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta rungumi tukunya ta farko ta ja ta har ƙofar kantinsa. Ta dawo ta ja ta biyu. Ta uku ta fi nauyi, sai da ta huta sau biyu, ƙasa tana zuba a kan takalminta. Sannan ta ciro lemar, ta kakkaɓe, ta rataye ta a ƙusar da ke gefen ƙofarta, ƙarƙashin lambar.

"Wahalar banza kike yi, maƙwabciya," in ji Mai Kemis. "Wa ya ce miki zai dawo nan?"

Ta zura makulli a kwaɗo.

"Motar asibiti ce za ta kawo shi," ta ce. "Suna da adireshinsa."