Kwalabe Shida a Tagar Velika

Shekara ashirin da bakwai Velika tana kiwon gansakuka a kwamin siminti, gefen maɓulɓular ruwan zafi da ke bayan garin Petric, irin wadda ake busarwa a niƙa a sayar wa masu neman lafiya. Da sanyi ya kawo kai sai ta ɗebi iri a manyan kwalabe shida, ta jera a tagar kicin, tana girgiza su safe da yamma har lokacin mayar da shi kwami ya yi. Irin nata ba shi da sauri, amma ya san ruwansu, ya san zafin Yuli, bai taɓa ba ta kunya ba.

Sai Zdravko, mijin 'yarta, ya karɓi gonar, da takardarsa ta jami'a da bakinsa mai zaƙi.

"Mamo," in ji shi, don haka suke kiran uwa, "naki irin rarrafe yake yi. Na samo wanda ke ninka kansa cikin kwana biyu."

"To, a bar wa nawa kwami ɗaya."

"Su gauraye? Ko ƙafar tsuntsu ta isa ta haɗa su. Ki huta mana, kin yi naki zamanin."

Ranar da ta tafi coci ya tuttular da kwalaben a magudana, har da wanke su tas, wai tsafta. Ta dawo ta tarar an kife su a rana. Abin ya ci ta ƙwarai.

Ba ƙarya, sabon irin ya yi abin kallo a watan Mayu, kore shar, kauri kamar kunu. Zdravko sai ɗaukar hoto yake, yana zuba wa maƙwabta barasarsu da ake kira rakiya. Yuli na shigowa aka yi kwana uku ana rana mai ƙona ƙeya. Ruwan ya koma rawaya, sannan ya yi baƙi, wari har bakin titi. Farfelar da ke motsa ruwan tana ta juya mushe.

Da hantsi ya same ta tana yanka barkono, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hula.

"Mamo... ko 'yar kwalba ɗaya ba ki ɓoye ba? Na san halinku, tsofaffi ba kwa rasa ajiya."

Ta ajiye wuƙar. Ta so a ce tana da ita, ko don ta hana shi.

"Ban ɓoye ba, ɗana," ta ce. "Ban san akwai wanda zan ɓoye wa a cikin gidana ba."