An Gama

Dakta Munzali ya ɗora yatsa a jikin tankin gilashi, ɗalibansa na jami'a a Jidda suka matso. Wani babban kifi na Bahar Maliya ya buɗe baki, ƙaramin kifi mai shuɗin zane ya shiga yana tsince masa ƙwari.

"Ku lura," in ji shi. "Muddin wasu kifaye suna kallo, aikinsa kawai yake yi. Idan ba mai kallo, wani lokaci yakan ciji naman."

Abdulmajid, ɗalibi haifaffen garin Kurayyat mai jin Hausa sama-sama, ya tsaya bayan an tashi.

"Daktur, wallah za mu yi kewarka. Ustaz Ikrama ya ce zango mai zuwa shi zai karɓi darasin da kifayen."

Munzali ya juyo daga tankin. A makon jiya aka yi taron sashe a kan makomar darasin nan, wanda kwantiraginsa da iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, suka rataya a kai. Shugaban sashe ya yi dogon bayani da Larabcin Hijaz, wanda Munzali ba ya kamawa idan an yi sauri, sannan ya dube shi ya ce, "Halas?", wato "shi ke nan?" Ikrama, abokin aikinsa, jikan alhazan Kano, shi ne tafintansa tun zuwansa Jidda. Ya raɗa masa da Hausa, "An gama, Yaya. Ka ce halas." Munzali ya faɗa, har da murmushi.

Ya sami Ikrama a ofis yana shan shayi.

"Me na amince da shi ranar nan?"

Ikrama ya ajiye kofin a hankali. "Ban yi maka ƙarya ba, Yaya. Na ce an gama."

"Ka ce an gama, na ɗauka an daidaita. Ashe da ni aka gama."

"Kalmar tana ɗaukar duka biyun." Ya kawar da kai. "Ni nan aka haife ni, ya akhi, nan aka haifi ubana, ba ni da wata ƙasar da zan koma. Kai kana da gida a Zariya."

"Da ka faɗa mini haka, da wataƙila na bar maka da hannuna. A gidana kake buɗa-baki, Ikrama."

Ya fita, ya nufi ofishin shugaban sashe. Sakatare ya ɗaga waya da fara'a.

"In kira maka Ustaz Ikrama ya fassara?"

Ta ƙofar ɗakin gwaji da ke buɗe, Munzali ya hango babban kifin ya sake buɗe bakinsa, yana jira.

"La," ya ce wa sakataren, wato a'a. Ya tattara ɗan Larabcin da yake da shi, ya ƙwanƙwasa ƙofar shugaban da kansa.