Rini Kafin Hoto

Idon Baba na hagu ya fara da ja, daga baya wani farin tabo ya fito a kan baƙin. Likita ta ce sai an ɗauki hoton baƙin idon da wata na'ura mai ƙara girman abu, a ga ko ƙwayar cuta ce ke cin sa. Ta ja mini kunne: hoto tukuna, sannan rini. Rinin nan launin ruwan ɗorawa ne, ana ɗosa shi a ido don a ga inda ya ƙuje. Amma in ya riga hoto shiga, sai hoton ya fito dishi-dishi, a ɗaga sai wani zuwan.

Ban damu ba, tunda Autarmu nas ce a sashen ido na asibitin. Ni dai nawa in rufe shago, in ɗauko Baba, in zauna a benci ina gyangyaɗi.

Zuwan farko hoto ya ɓaci. Na biyu ma haka. Mai na'urar ya leƙo yana tsaki.

"Wai wa ke sa wa tsohon nan rini kafin ya iso wurina?"

Auta ta ce sabbin ɗalibai ne, ba sa jin magana. Har taya ta zaginsu na yi, bayin Allah.

Zuwa na gaba na ce yau sai na ga ɗalibin nan da idona. Na tura ƙofar ɗakin da ake fara shigar da Baba ba sallama. Auta ce riƙe da fatar idon Baba, 'yar takardar da ake ɗosa rinin da ita a hannunta, shi kuma ya ɗaga kai abinsa.

"Auta, me kike yi?"

"Rabu da ita," in ji Baba. "Ni na sa ta. In suka gani, yanka ni za su yi."

"Yaya, kuka ya yi mini," ta ce, kanta a ƙasa.

Wallahi ban taɓa jin an ci amanata irin ranar ba. Ashe su biyu suka haɗa baki, ni ce sakarar da ke jigila.

Washegari na tsaya a kansu har aka ɗauki hoton. Likita ta daɗe tana kallo.

"Da tun farko muka gani, maganin ɗigawa ya isa. Yanzu cutar ta ci ciki, sai aiki, kuma ban yi muku alkawarin idon ba."

Ranar aikin, ana tura gadonsa zuwa ɗakin tiyata Baba ya lalubo hannuna ya damƙe. Na sunkuya, na ɗauka haƙuri zai ba ni.

"Kar ki faɗa wa likita Auta ce," ya ce. "Korar ta za su yi."