Gurbin Jar Tawada

Shekara goma sha tara Abba Filmona ya yi yana rubuta littafi a kan siffofin Allah, a gidan zuhudun da ke bisa wani dutse a ƙasar Tigray. Littafin ya ci fatar awaki saba'in. Shi kuwa mutum ne mai kaifin kai da kaifin baki. In ana muhawara a kan Ubangiji, ba ya barin kowa ya kai aya.

A ƙa'idar marubutan gidan, ba a rubuta sunan Allah da baƙar tawada. Gurbi ake bari, in an gama a wanke alƙalami a bi da ja. Littafin da aka kai wa shugaba da gurabensa fayau ba littafi ba ne, kankare shi ake yi a ba wani fatar. Washegari kuma shugaban, Abba Tekeste, zai duba nasa.

Da hantsi Filmona ya ɗora fatar a gwiwa, ya tsoma alƙalami a jar tawada. Bayan gurbin farko an rubuta "babba ne". Ya tsaya. Babba kamar me? Shi dai bai san abin da ya fi dutsen nan girma ba. Ya juya shafi: "haske ne". Hasken da ya sani na rana ne, ita kuma faɗuwa take yi. Duk kalmar da ya taɓa, sai ya ga daga halitta ya aro ta. Tsoro ya kama shi, wani irin tsoro mai daɗi da bai taɓa ji ba. Yana nan zaune har tawadar ta bushe a bakin alƙalami.

Da gari ya waye Abba Tekeste ya iso yana taunar soyayyen sha'ir. Ya buɗe littafin, ya ɗaga gira.

"Filmona, jar ce ta ƙare, ko bakin nan ne ya mutu yau?"

"Abba, da kamun hannuna na auna wa Ubangiji riga. Na kasa cewa tasa ce."

"Ka dai san ƙa'ida."

"Na sani. Ga wuƙar kankarewa."

Tsohon bai karɓa ba. Ya tara 'yan'uwa a gindin zaitun, ya fara karantawa a fili. Duk inda ya iske gurbi sai ya yi shiru na numfashi guda. Kafin shafi na uku masu tari sun daina. Filmona ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wuƙar.

Abba Tekeste ya rufe littafin.

"Shekara sha tara kana cika mana kunne, sai inda ka yi shiru muka ji wani abu." Ya miƙa wa mai ajiyar littattafai. "Sa shi a akwati. In an tambaya, a ce ba a gama ba. Kada kuma wani ya gama."