Lomar Kwandasta

Tun da Inna ta rasu Baba ya daina cin abinci. Ba ciwo yake yi ba. Sai dai a ajiye masa kwano, ya buɗe, ya leƙa, ya mayar da murfi. Wando ya fara zame masa, har ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa. Auta, 'yarsa da ta rage a gidan, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji.

Sai ga wani ɗan kwikwiyo ya kurɗo ta ƙarƙashin ƙofar gida, baƙi, duk kunnuwa. Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a tuƙin bas, ya raɗa masa suna Kwandasta, wai don ba ya barin bakin ƙofa kuma bakinsa ba ya shiru. Ɗaki dai bai taɓa barinsa ya shiga ba. Amma in lokacin abinci ya yi sai ya jawo kujera tsakar gida, ya kai loma ɗaya baki, ya jefa wa Kwandasta ɗaya. Da haka kwano yake ƙarewa. Auta ta gani, ta ƙyale su.

Ba a daɗe ba Kwandasta ya kama gudawa. Ya kwanta jikin randa, ido ya faɗa, ko haushi ya kasa. Auta tana aiki ne a ɗakin wanki da guga na wani otal, wuni take a tsaye cikin tururi. Ran nan da ta tashi daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba, ta saka shi a kwali ta kai wa likitan dabbobi.

Likita ya taɓa cikin, ya ɗaga leɓe ya duba dasashi.

“Me yake ci?”

“Abin da Babanmu yake ci.”

“Me Babanku yake ci?”

“Da safe shayi da madara, ya tsoma masa burodi. Da rana shinkafa da miya. In akwai kaza, ƙashin nasa ne.”

“Miyar da albasa?”

“Likita, akwai miyar da ba albasa?”

Bai yi dariya ba. Ya ce madarar ce ke tsinka masa ciki, albasa tana ɓata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma in ya tsage sai ya huda hanji. Ya yi masa allura, ya ce a nemi abincin da aka yi don ƙananan karnuka, ban da na manya.

“Daga kwanon tsoho kuwa, ko ƙwayar shinkafa kada ya ƙara gani.”

Ta gaya wa Baba yadda aka gaya mata. Ya saurara har ta gama.

“Wato ni na so kashe shi.”

“Ban ce haka ba, Baba.”

“Likitanki ya ce.”

Ta sayo abincin gwangwani, mai laushi kamar kwaɓaɓɓiyar laka. Kafin ta fita aiki sai ta juye wa Kwandasta a bayan kicin, ya lashe nan take. Ya miƙe, ya koma haushin kaji. Shi kuwa Baba ya mayar da kujerarsa ɗaki. In ta dawo sai ta tarar da kwanonsa yadda ta bar shi, mai ya daskare a kan miya. Ta ce ya daure ya ci ko kaɗan.

“Na ƙoshi.”

“Da me?”

Ya juya mata baya ya ƙara wa rediyo murya.

Da gwangwanayen suka ƙare ta koma shagon da ke kusa da tashar mota. Ƙafafunta sun kumbura, ta jingina da kantar shagon tana duban jerin buhuna masu hoton karnuka, kowanne yana washe baki kamar an ba shi sarauta. Mai shago ya miƙo mata irin na da.

“Anti, ga naki. Shi ne mai kyau, ba ya ba su wahalar tauna.”

Ta juya gwangwanin a hannu, ta ajiye.

“Kana da wanda ake jefawa?”

“Jefawa?”

“Wanda mutum zai ɗauka da yatsa ya jefa, bai ɓata hannu ba.”

“Kare za ki ciyar ko tantabara?”

“Kai dai nuna min.”

Ya sauko da ƙaramin buhu na busassun ƙwayoyi. Ta duba ta tabbatar na 'yan kwikwiyo ne, ta sa ya buɗe wani da ya riga ya yage, ta murza ƙwaya ɗaya. Ya ce tun da ƙarami ne ta riƙa yayyafa musu ruwan ɗumi su ɗan yi taushi.

Washegari da safe ba ta ba Kwandasta komai ba. Ta fito da kujerar Baba tsakar gida, ta ajiye shayi da burodi, ta ajiye ƙwayoyin a wani tsohon murfin tukunya. Kwandasta ya zauna gaban kujerar yana kuka mai tsinin gaske, har Baba ya fito.

“Wannan fa? Kashin awaki?”

“Abincinsa ne. Na makara, Baba. In ka ba shi, to. In ba ka ba shi ba, ya jira ni har yamma.”

“Ke ko tausayi babu?”

“Ya ƙare.”

Ya zauna yana tsaki. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya jefa. Kwandasta ya cafe. Ya jefa ta biyu, ya jefa ta uku. Auta ta tsuguna tana ɗaura igiyar takalmi, ba ta ɗago ba. Can ta ji ƙarar cokali a kofi.

“Kai, malam, bi a hankali,” in ji Baba da burodi a baki. “Direba bai ci ba kai ka ƙoshi?”

Rabin burodin kawai ya ci. Ta kwashe sauran, ta rufe, ta ɗauki jaka ta tafi tarar mota.