Gona Sai Godiya

Kai mai karatu, kana nan ranar da katafila ta shiga dawar Tungar Jatau. Kada ka ce ba ka nan. Ka wuce a motar haya daga Mafara za ka Bakura, ka leƙa ta taga, ka ga kara kwance da zangarniya ɗanya, ka ce wa na kusa da kai ci gaba ya zo, ka gyara zama. Ba ka tambayi yadda aka yi ba. To, ga yadda aka yi.

Falalu ɗan Maradun ne. Bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba aka ɗauke shi tafinta a aikin baje gonaki na dam ɗin Bakolori. Da ma tun yana yaro cutarsa ke nan, sauraron bakin mutane. Ran kasuwar Mafara sai ya je rumfar mahauta ya tsaya, ba ya sayen ko tsoka, yana jin yadda Bafulatani ke lanƙwasa Hausa wajen ciniki, da yadda direban Kano zai ce suka, mahauci ya maida masa da sunka, kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai iya ba. Ranar da ya ji wata tsohuwa ta kira jikanta mai haɗama katafila, wuni ya yi yana murna: kalmar da bara ba wanda ya san ta, ga ta har ta shiga zagin cikin gida. Abokansa sun gaji da shi. Da ya fara sai su ce, "Malam Baki ya tashi," su watse.

Abin da ya fi ƙauna duka shi ne gaisuwa. Yakan ce gaisuwarmu kamar ƙetare gulbi ce da damina, ba a faɗawa sai an taɓa da ƙafa an ji zurfi. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina ruwa, duk amsarsu lafiya ce, ko da akwai majinyaci a ɗaki. Sai baƙo ya zauna, ya sha ruwa, an ɗan yi shiru, sannan mai gida zai yi gyaran murya ya ce, "Sai dai…" Daga nan ne magana ke farawa. Falalu yana ganin babu al'ummar da ta fi mu iya girmama kunnen baƙo.

A shekarar nan dawar Tungar Jatau ta yi kyau, ta fitar da kai, ta soma ido, saura kaɗan a yanka. Kuma gonakinsu ne na gaba a layin da injuna za su baje. Baturen injiniyan da Falalu ke bi mutum ne mai gaggawa, amma ba mugu ba. Ya faɗa da bakinsa cewa in akwai ƙauyen da amfaninsa ke tsaye, zai iya juya injuna wajen Ruwan Gizo inda aka riga aka cire gero, ya dawo bayan girbi. Sharaɗinsa ɗaya: ya ji daga bakin mai unguwa, don kowa na iya kawo masa ƙorafi da sunan wani.

Mai shirya masa ziyarar ƙauyuka kuwa Sallau ne, jami'in hulɗa da manoma, haifaffen Bakura, mai babbar riga da turare. Sallau ya riga ya yi wa manyansa alkawarin gama yankin kafin kaka ta wuce, yana hangen kujera a babban ofis.

Ana gobe ziyara, bayan la'asar, Falalu ya ari keke ya tafi Tungar Jatau wajen mai unguwa, Baba Tukur. Suka gaisa har ƙarshe, ya sha ruwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, gobe in Bature ya zo, don Allah ka fara da maganar dawa. Ka bar gaisuwa. Mutumin nan ba ya zama."

Baba Tukur ya dube shi kamar ya ce masa ya fita ba wando. "Ɗana, mi kaka so in yi? Baƙo shi taho ƙofata daga wata duniya, ban tambayi iyalinai ba, bai jiƙa maƙoshi ba, in aza mishi kuka? Ni ɗan tasha ne?"

"Abincin shekara ne, Baba."

"Na sani, ni na shuka ta. Za ni faɗi, in lokacin faɗi ya yi. Kai da anka ce kana son magana, ashe bokon ya cinye maka ita."

Matar gidan, Inna Marka, ta jefo tata daga bayan zana: "Bar shi, Malam ƙarami. Wannan ko wuta ta kama gemunai sai ya tambaye ta gajiya."

Aka yi dariya, har da Falalu. Ya hau keke ya koma Mafara.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a gindin tsamiya. An shimfiɗa tabarmi, dattawa sun jeru. Bature bai cire takalmi ba, ya tsuguna a bakin tabarma. Baba Tukur ya fara: barka da zuwa, ina gajiya, ina hanya, ina mutanen gida. Falalu yana juyawa da Turanci, yana ƙara wa Bature bayani a hankali cewa wannan buɗe ƙofa ce kawai, ya yi haƙuri. Bature ya gyaɗa kai, ya dubi agogo, ya ce a tambayi dattijon ko akwai matsala game da gonaki.

Kafin Falalu ya buɗe baki, Sallau ya riga shi. Ya sassauta murya, ya ɗan rusuna, ya sa tambayar a cikin waƙar gaisuwa sak: "Baba, ina gona?"

"Gona sai godiya," in ji Baba Tukur.

"Ina damina?"

"Ruwa sun yi gyara, alhamdu lillahi."

Sallau ya juya ga Bature ya ce dattijo ya ce babu matsala, har yana godiya.

Falalu ya zuba wa Sallau ido. Da a ce baƙo ne ya yi haka, sai a ce rashin sani. Amma Sallau a cikin wannan gaisuwar aka yaye shi. Ya san ba dattijon da zai amsa "ina gona" da kuka, kamar yadda ya san hanyar gidan ubansa. Da gangan ya zaɓi ƙofar da ya san amsa ɗaya ce ke fitowa ta cikinta.

"Bai fara magana ba," Falalu ya ce wa Bature. "Gaisuwa ce wannan."

Sallau ya yi murmushi, ya ce da Hausa, "Malam Baki, kai ka fi shi sanin bakinsa? Tambaye shi da kanka mana."

Falalu ya durƙusa gaban tsohon, ya ajiye duk wata kunya. "Baba, akwai damuwa ko babu? Faɗa masa yanzu."

Dattawa suka sunkuyar da kai don nauyin abin. Baba Tukur ya ɗaga hannu. "Natsu, ɗana. Bari su sha fura tukuna. Marka! A yi sauri da ƙwaryar nan."

"Me ya ce?" in ji Bature.

"Ya ce mu sha fura," in ji Sallau. "Amma akwai ƙauyuka gaba, yallaɓai, rana na yi."

Bature ya miƙe. Falalu ya sha gabansa, ya zazzage masa komai: dawa na tsaye, saura kaɗan, in aka baje ta gidajen nan ba su da na tuwo har wata damina. Bature ya saurara, ya dube shi ido cikin ido.

"Shi ya faɗa, ko kai ka faɗa?"

Ƙarya ɗaya da ta wadatar. Falalu ya ji ta a kan harshensa. Amma Sallau na tsaye yana jira ya ƙaryata shi, kuma shi Falalu bai taɓa sa wa mutum maganar da bai yi ba.

"Ni na faɗa. Shi ma zai faɗa in ka zauna."

Bature ya ce aikin tafinta shi ne juya abin da aka ce. Ya ɗaga wa dattawa hannu ya shiga mota. Sallau ya tsaya ya yi sallama mai kyau, doguwa, ba abin da ya rage, har da a gaida yara. Dattawa suka ce kai, wannan yaro ya san mutunci. Falalu ya ƙi shiga motar, su ma ba su jira shi ba.

Mota na ɓacewa Inna Marka ta aiko da fura, an dama ta da nono mai kauri, ludayi a kife a kai. Baba Tukur ya dubi ƙwaryar, ya dubi tabarmar da ba kowa. Ya tura wa Falalu. Falalu ya kurɓa don kada a ce ya raina. Sai tsohon ya yi gyaran murya.

"Sai dai…" in ji shi.

Ya faɗi komai, tsaf, ba gargada: wace gona ce ta fara nuna, wace ce ta marayun ƙanensa, gidaje nawa ne rumbunsu ya riga ya yi ƙasa, da yadda ba sa ƙin aikin gwamnati, roƙonsu kawai a bari su yanka. Falalu bai taɓa jin Hausa mai kyau kamar ta ranar ba, kuma bai taɓa jin ƙyamar sana'arsa kamar ranar ba. Ba wanda zai juya wa ita.

Ya bi ofis washegari, aka ce Bature ya tafi wajen dam. Ya koma, aka ce Sallau ne ke kula da ƙorafi. Kafin kasuwar Mafara ta sake ci, katafila ta shiga. Mata suka bi bayanta suna tsintar zangarniyar da ba ta nuna ba, wadda ko awaki sai sun yi shawara. Sallau yana nan, ana gaishe shi a masallaci, yana amsawa lafiya lau.

Kai kuma da ka yi boko, da kai ake zuwa ƙauyuka yanzu, kai ne a gaban mota, kai ne mai juya magana. Gobe za a aike ka wajen wani dattijo, zai ce maka sai godiya. Ka cire takalminka. Ka hana direba tayar da mota. In na kusa da kai ya ce an gama, ka ƙaryata shi a gaban mutane da sunansa. Ka zauna, ka sha abin da aka kawo, kada ka tashi sai mai gida ya faɗi abin da ke cikinsa, sannan ka kai shi inda aka aiko ka ba tare da ka rage ko kalma ɗaya ba.